Mabusa biyu a faifai ɗaya: Yusef Lateef, baƙon Zariya, da Archie Shepp

A shekarar 1992 wasu manyan mabusa biyu 'yan ƙasar Amurka, Yusef Lateef da Archie Shepp, sun fitar da wani faifai na haɗin gwiwa mai suna Tenors of Yusef Lateef and Archie Shepp, inda kowannensu ya busa saksofon iri ɗaya da na ɗan'uwansa.

Faifan ya bi sawun wata daɗaɗɗiyar al'ada ce ta kiɗan jazz, wadda a cikinta ake haɗa gwanaye biyu a kan abin busa guda, su yi ta karɓa-karɓa, mai sauraro kuma ya zama alƙali.

Ga mutanen arewacin Nijeriya, faifan yana da wani muhimmanci na daban. A lokacin da ya fito, shekara bakwai ke nan da Yusef Lateef ya bar Zariya, inda ya shafe shekara huɗu a Jami'ar Ahmadu Bello yana nazarin kiɗan Hausa da sarewar Fulani.

Tambayar da mai sauraro kan fara yi ita ce, mene ne amfanin haɗa mutum biyu su busa abu ɗaya? Amsar ita ce, idan abin busar ya zama ɗaya, to bambancin da ya rage na mutanen ne, wato numfashinsu da tunaninsu da kuma inda kowannensu ya fito. Wannan bambanci ne ake sayen faifan domin a ji.

Wane irin abin busa ne?

Wani maƙerin kayan kiɗa ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya ƙirƙiro saksofon, ya kuma yi masa rajista a birnin Paris a 1846.

Da tagulla ake ƙera jikinsa, amma sautin yana fitowa ne daga wani ɗan siririn harshe na kara da ake ɗaurewa a bakinsa, wanda ke karkarwa idan iska ta bi ta kansa.

Ta wannan fuska ya fi kusa da algaita a kan kakaki. Kakaki da leɓɓan mabushi kawai yake magana, ita kuwa algaita tana da irin wannan harshe, sai dai nata biyu ne a haɗe, na saksofon kuma ɗaya.

Iri huɗu aka fi amfani da su. Daga ƙarami mai siririyar murya zuwa babba mai kauri, akwai soprano da alto da tenor da kuma baritone. Na ukun, wato tenor, muryarsa ta yi kusa da ta babban mutum namiji yana magana, abin da ya sa mabusa da dama ke ganin ya fi sauran iya kwaikwayon zancen ɗan'adam.

Saksofon ba baƙo ba ne a Nijeriya. An san shi a badujalar sojoji da ta 'yan sanda da kuma kiɗan highlife. Ƙungiyar marigayi Bala Miller, wadda ta yi tashe a Kaduna a shekarun 1970 da 1980, cike take da kayan busar Turawa. Fela Kuti ya rungumi saksofon a farkon shekarun 1970, shi ma Manu Dibango na Kamaru da shi ya yi kiɗan Soul Makossa wanda ya zagaya duniya daga 1972.

Asalin karon

Coleman Hawkins ne ake ɗauka a matsayin uban masu busa tenor a kiɗan jazz. Tun daga shekarun 1920, lokacin da yake cikin ƙungiyar Fletcher Henderson, ya fito da wata busa mai nauyi da cika wuri, wadda kusan kowa ya riƙa kwaikwayo.

Daga baya sai ga Lester Young da akasin haka. Busarsa ba ta da nauyi, tana tafiya a hankali kamar mai ba da labari ba tare da ɗaga murya ba.

Ana ba da labarin wani dare a birnin Kansas, a ƙarshen 1933, lokacin da Hawkins ya kwana yana fafatawa da matasan mabusan garin, cikinsu har da Lester Young da Ben Webster da Herschel Evans. Ruwayoyin sun sha bamban a kan wanda ya yi galaba, amma labarin ya nuna irin matsayin da gasa take da shi a wajen mabusan wancan zamani.

Count Basie ne ya mayar da abin tsari. A ƙarshen shekarun 1930 ya ajiye masu busa tenor biyu a ƙungiyarsa, Herschel Evans mai bin tafarkin Hawkins, da Lester Young mai nasa salon, ya riƙa ba su dama ɗaya bayan ɗaya a cikin kiɗa guda. Hakan ya ci gaba har zuwa rasuwar Evans a 1939.

A 1944 mawaƙi Billy Eckstine ya haɗa Dexter Gordon da Gene Ammons a wani kiɗa na ƙungiyarsa mai suna Blowing the Blues Away. A wannan shekara ce kuma Norman Granz ya fara shirya wasannin Jazz at the Philharmonic a birnin Los Angeles, waɗanda suka yi suna wajen gwara mabusa a gaban dubban 'yan kallo.

Yadda ake tsara shi

Karon mabusa biyu yana da ƙa'idojinsa, ko da yake ba a rubuce suke ba.

Da farko mabusan kan busa ainihin karin kiɗan tare, domin mai sauraro ya san inda aka dosa. A bayansu akwai mai fiyano, da mai kaɗa babban abin tsirkiya mai kaurin murya da ake kira bes, da kuma mai ganguna. Aikin waɗannan uku shi ne riƙe tafiyar kiɗan.

Daga nan sai na farko ya shiga ƙirƙirar busarsa nan take, ba tare da duba takarda ba, yana zagaya ginshiƙin kiɗan sau da dama. Idan kiɗan blues ne, kowane zagaye yana da gaɓa 12. Idan ya gama sai na biyu ya karɓa.

Wurin da abin ya fi armashi shi ne ƙarshe, lokacin da ake rage tsawon rabon kowa. Sai su koma musayar gaɓa takwas-takwas, sannan huɗu-huɗu, wani lokaci har biyu-biyu. A nan babu lokacin dogon tunani. Wanda aka jefa wa magana dole ya mayar da amsa nan take, ko dai ya maimaita abin da aka faɗa ya ƙawata shi, ko ya juya shi, ko kuma ya kawo wanda ya fi shi.

Bahaushe ba zai rasa abin kwatance ba. Akwai kamar yadda mawaƙi ke bayarwa 'yan amshi na karɓa, akwai kuma kamar yadda makaɗa biyu kan haɗu a wajen biki ɗaya, kowa na neman jawo hankalin taro. Bambancin shi ne a nan duka biyun jagorori ne, babu wanda yake ɗan amshin wani.

Fayafayan da suka yi fice

Fasahar ɗaukar sauti ta taka rawa wajen bunƙasar wannan salo. Tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowace fuska. Saboda haka da Dexter Gordon da Wardell Gray suka ɗauki shahararren karonsu mai suna The Chase a Los Angeles a 1947, sai da aka raba shi biyu, mai sauraro ya juya faifan kafin ya ji ƙarshensa.

A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango, wanda ke ɗaukar sama da minti 20 a fuska ɗaya. Wannan ya ba mabusa sarari, kuma a cikin shekaru 15 da suka biyo baya ne aka samu yawancin fayafayan da ake ambato har yau.

Gene Ammons da Sonny Stitt sun ɗauki Blues Up and Down a 1950, suka kuma sake haɗuwa a birnin Chicago a watan Agustan 1961 domin faifan Boss Tenors, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin ma'aunin wannan salo.

A ranar 24 ga watan Mayun 1956, John Coltrane ya shiga wajen da Sonny Rollins ke ɗaukar faifai, suka busa kiɗa guda tare na kimanin minti 12. Sunan kiɗan Tenor Madness, kuma shi kaɗai ne aka taɓa ɗauka a situdiyo da mutanen biyu a ciki.

A watan Oktoban 1957 dattawa biyu, Coleman Hawkins da Ben Webster, sun yi nasu faifan tare da mai fiyano Oscar Peterson. Wannan ya fi kama da hirar tsofaffin abokai a kan fafatawa.

Akwai kuma Al Cohn da Zoot Sims, waɗanda dukansu suka taso a kan salon Lester Young, da kuma Johnny Griffin da Eddie Lockjaw Davis, waɗanda suka riƙe ƙungiya ɗaya daga 1960 zuwa 1962. Faifansu Tough Tenors ya fito ne daga ɗaukar da aka yi a 1960, kuma wasan dare ɗaya da suka yi a gidan rawa na Minton's da ke unguwar Harlem a watan Janairun 1961 ya wadatar har aka fitar da fayafayi huɗu daga cikinsa.

Kamfanoni kan tallata irin waɗannan fayafayi da sunan yaƙi ko dambe, domin hakan na jawo masu saye. Sai dai yawancin abokan karon aminan juna ne, kuma karon ba ya daɗi sai kowanne ya saurari ɗan'uwansa da kyau.

Daga Detroit zuwa New York

An haifi Yusef Lateef a ranar 9 ga watan Oktoban 1920 a garin Chattanooga na jihar Tennessee, da sunan William Emanuel Huddleston. Iyayensa sun koma birnin Detroit a 1925, kuma da sunan William Evans ya fara sana'ar busa.

Detroit a wancan zamani birni ne na masana'antun motoci, wanda ya riƙa jawo baƙaƙen fata masu neman aiki daga jihohin kudancin Amurka, kamar dai yadda masaƙu da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot suka tara ma'aikata daga sassan Nijeriya a Makera da Kakuri, kudu da kogin Kaduna, lokacin da suke kan ganiyarsu. Inda ma'aikata suka taru da albashi a aljihu, nan makaɗa kan samu kasuwa, kuma Detroit ta fitar da gwanayen jazz da dama, irin su Milt Jackson da Kenny Burrell da Tommy Flanagan da Barry Harris.

A 1949 ya shiga babbar ƙungiyar Dizzy Gillespie. A wajejen wannan lokaci ne ya karɓi Musulunci ta hannun ƙungiyar Ahmadiyya, ya ɗauki sunan Yusef Abdul Lateef, wato Yusuf Abdullaɗif a lafazin Hausa.

Ya koma Detroit a 1950, ya shiga karatun kiɗa a Jami'ar Wayne, ya kuma fara neman kayan busa na wasu al'ummomi. Ban da saksofon da sarewar Turawa, ya koyi obo, wadda za a iya kira algaitar Turawa, da shehnai ta Indiya da argul ta ƙasashen Larabawa.

Fayafayansa na farko a matsayin jagora sun fito a 1957. Wanda ya fi shahara shi ne Eastern Sounds na 1961, inda ya buɗe da busa wata 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin.

Bayan ya koma New York a 1960 ya yi aiki da Charles Mingus, sannan da Cannonball Adderley daga 1962 zuwa 1964. Tun a lokacin hankalinsa yana kan Afirka. Yana cikin waɗanda suka yi busa a faifan Uhuru Afrika na Randy Weston a 1960, shekarar da Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka 16 suka samu 'yancin kai. Ya kuma yi aiki da makaɗin nan ɗan Nijeriya Babatunde Olatunji, da kuma Art Blakey a faifan The African Beat na 1962.

Bai bar karatu ba. Ya samu digiri na farko a 1969 da na biyu a 1970 a makarantar koyon kiɗa ta Manhattan, sannan digirin digirgir a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a 1975. Kundinsa ya yi nazari ne a kan tsarin ilimin Turawa da na Musulunci.

Shekara huɗu a Zariya

A watan Agustan 1981, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, Dakta Lateef ya iso Zariya a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Shekarunsa 60 a lokacin, kuma sunansa ya riga ya kai ko'ina a duniyar jazz.

Aikinsa ya kasu kashi uku. Akwai bincike a kan sarewa, wadda makiyaya Fulani ke busawa. Akwai koyar da dabarun bincike ga jami'an al'adu. Sannan akwai aiki kafaɗa da kafaɗa da makaɗa da 'yan rawa da 'yan wasan kwaikwayo na cibiyar.

Ga mai nazarin busa, Zazzau wuri ne mai albarka. A fadar Sarkin Zazzau na lokacin, Alhaji Shehu Idris, kamar sauran manyan fadojin ƙasar Hausa, akwai masu kakaki da masu algaita da suka gaji sana'ar iyaye da kakanni.

Masu algaita suna da wata dabara ta tara iska a kumatu suna shaƙar wata ta hanci, ta yadda sautin ba ya yankewa. Irin wannan dabara ce wasu mabusan jazz, kamar Rahsaan Roland Kirk, suka yi suna da ita a Amurka.

Abubuwa uku ne zaman nasa ya bari a hannu.

Na farko shi ne faifan Hikima, wanda aka yi a 1983 tare da makaɗa da mawaƙan cibiyar.

Na biyu shi ne faifan In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas a 1983 tare da makaɗan ganguna 'yan Nijeriya, kamfanin Landmark na Amurka kuma ya fitar da shi a 1985. A cikinsa akwai kiɗa mai suna Drama Village, da wani mai sunan Hausa, Ruwa Mai Zurfi.

Na uku shi ne littafin Hausa Performing Arts and Music, wanda suka rubuta tare da Ziky Kofoworola, masanin wasan kwaikwayo, aka kuma buga shi a Legas a 1987.

Ya bar Zariya a watan Agustan 1985, watan da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki daga hannun Janar Muhammadu Buhari.

Wane ne Archie Shepp?

Abokin busar tasa ya biyo wata hanya ce daban. An haifi Archie Shepp a ranar 24 ga watan Mayun 1937 a jihar Florida, ya tashi a birnin Philadelphia, ya kuma karanta wasan kwaikwayo a kwaleji kafin ya tsunduma cikin kiɗa.

Ya yi suna a shekarun 1960 a cikin matasan da suka yi watsi da yawancin ƙa'idojin jazz na da, suka riƙa busa mai kaushi da kururuwa. Wannan ya zo daidai da lokacin gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata a Amurka, kuma Shepp bai ɓoye cewa busarsa siyasa ce ba.

A faifansa Fire Music na 1965 akwai ta'aziyyar Malcolm X, wanda aka kashe a watan Fabrairun wannan shekara. Faifan Attica Blues na 1972 kuwa martani ne ga abin da ya faru a gidan yarin Attica na jihar New York a watan Satumban 1971, inda mutum 43 suka mutu a boren fursunoni da farmakin da jami'an tsaro suka kai domin murƙushe shi.

Shi ma ya taka ƙasar Afirka. A watan Yulin 1969 ya halarci bikin al'adun Afirka da aka yi a birnin Aljiyas, inda ya hau dandamali tare da makaɗan Aljeriya da na Abzinawa, aka kuma fitar da wasan a faifai.

Daga 1971 ya koyar a sashen nazarin al'amuran baƙar fata na Jami'ar Massachusetts da ke Amherst har kimanin shekara 30. A wannan jami'a ce marubuci Chinua Achebe ya koyar a farkon shekarun 1970.

Da shekaru suka ja, Shepp ya koma ga tushe. A 1977 ya yi faifan Goin' Home tare da mai fiyano Horace Parlan, inda ya busa tsofaffin waƙoƙin ibada na bayi baƙaƙen fata a natse.

Akwai mutum guda da ya haɗa su tun kafin su zama abokan aiki, wato John Coltrane, wanda ya rasu a 1967. Lateef abokinsa ne, ya kuma tsara wani kiɗa mai suna Brother John domin girmama shi. Shepp kuwa Coltrane ne ya taimaka masa ya samu shiga kamfanin Impulse, faifansa na farko a can shi ne Four for Trane na 1964, sannan ya yi busa a faifan Coltrane mai suna Ascension a 1965.

Haɗuwar 1992

Bayan komawarsa Amurka, Lateef ya fara koyarwa a jami'ar da Shepp yake a Amherst. A 1988 ya samu lambar yabo ta Grammy saboda faifansa Little Symphony, wanda shi kaɗai ya kaɗa duk kayan kiɗan da ke ciki.

A 1992 ya kafa kamfaninsa na fayafayi mai suna YAL, wato haruffan farko na sunayensa uku. Bayan shekaru 35 yana aiki da kamfanonin wasu, irin su Savoy da Prestige da Impulse da Atlantic, yanzu shi ke yanke shawarar abin da zai ɗauka da wanda zai gayyata.

Cikin abubuwan da ya fara yi har da komawa ga tsohuwar al'adar tenor biyu. Faifansa da Shepp na cikin na farko, kuma a lokacin Lateef ya haura shekara 70, yana gaban abokin nasa da kusan shekara 17.

Bai tsaya a kan Shepp ba. Ya yi irin wannan faifai da Von Freeman na Chicago, wanda kusan tsaransa ne, da René McLean, ɗan shahararren mabushi Jackie McLean, da kuma Ricky Ford, wanda aka haifa a 1954. Wato ya zauna da sa'ansa, da ƙanensa, da kuma waɗanda ya isa ya haifa.

Yanayin ya bambanta da na shekarun 1940. Babu taron 'yan kallo da za a burge, babu matashin da ke neman kayar da babba domin ya samu aiki. Lateef ya ma daina wasa a gidajen rawa da ake sayar da barasa tun wajejen 1980. Malaman jami'a biyu ne, kowanne da tarihinsa, suka tsaya gaban na'ura ɗaya.

Wanda ya saka faifan yana neman kiɗan fada ko busar makiyaya, sai ya nemi Hikima ko In Nigeria. Wannan na saksofon ne. Abin da zai samu shi ne muryoyi biyu da ba sa ɓoyuwa. Ta Lateef mai zurfi ce da kauri, ba ta gaggawa, tana barin sarari tsakanin magana da magana. Ta Shepp kuwa tana da kaushi da gurnani, tana jan sauti tana lanƙwasa shi, wani lokaci kamar mai kuka, wani lokaci kamar mai gardama.

Ra'ayinsa game da sunan jazz

Lateef bai yarda a kira kiɗansa jazz ba. Ya sha bayyana cewa ma'anonin da ƙamusoshin Ingilishi suka ba kalmar na ƙasƙanci ne, kuma ba su dace da aikin da mutane suka sadaukar da rayuwarsu a kai ba.

A maimakonta ya ƙirƙiro tasa kalmar, autophysiopsychic, wadda ke nufin kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da kuma ruhinsa.

Idan aka bi wannan fahimta, babu yadda za a yi wani ya kayar da wani a busa, tun da kowa abin da ke cikinsa yake fitarwa. Haɗa mabusa biyu sai ya zama hanyar jin mutum biyu a kan magana ɗaya. Shepp ma ya daɗe yana nuna rashin gamsuwa da kalmar, yana fifita a ce kiɗan baƙaƙen fatar Amurka.

Ga mai son gwadawa, hanya mafi sauƙi ita ce ya fara da Boss Tenors ko Tenor Madness, ya lura da wanda ya fara busa, ya riƙe kaurin muryarsa a ka, sannan ya jira shigowar na biyu. Idan aka zo musayar gaɓa huɗu-huɗu, sai ya gwada faɗin wanda ke busa ba tare da duba bayan faifan ba. Wanda ya iya bambanta muryar Mamman Shata da ta Ɗan Maraya Jos daga jin baiti ɗaya, kunnensa zai saba da wannan ma.

Abin da ya rage

A 2010 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba Yusef Lateef lambarta mafi girma ga masu wannan kiɗa, ta kuma ba Archie Shepp irinta a 2016.

Lateef ya rasu a ranar 23 ga watan Disamban 2013 a gidansa da ke Shutesbury a jihar Massachusetts, yana da shekara 93.

Ayyukan da ya yi a Zariya sun fi samun masu nema a ƙasashen waje a kan inda aka yi su. Faifan Hikima ya daɗe yana wuyar samu, har sai da aka sake buga shi a 2019, shekara 36 bayan fitowarsa ta farko.

Littafin da suka rubuta da Ziky Kofoworola kuwa yana cikin waɗanda masu bincike a kan kiɗa da wasannin Hausa ke ambato a rubuce-rubucensu. Wannan littafi, da fayafayan biyu da aka yi a Nijeriya, su ne shaidar da ta rage ta abin da makaɗan Zariya suka koya wa baƙon nasu, da abin da suka yi tare a tsakanin 1981 da 1985.